Daga Bakin Komadugu Zuwa Tafadek: Abin Da Muka Gano A Ruwan Zafin Azbin

Wannan tafiya ta samo asali ne daga tambayar da wani mai sauraro ya yi mana ta wayar salula a cikin shirinmu na kiwon lafiya da muke gabatarwa a gidan rediyo a nan Diffa. Bawan Allah ɗin manomin tattasai ne daga wani ƙauye na bakin Komadugu, ya ce ya ji ana labarin wani ruwa mai fitowa da zafinsa daga ƙarƙashin dutse a can jahar Agadas, wanda aka ce duk mai ciwon gaɓoɓi da ya shiga cikinsa sai ya ajiye sandarsa, don haka yana so mu faɗa masa gaskiya kafin ya sayar da buhunan tattasansa ya kama hanya. A ranar ba mu da amsar da za mu ba shi, domin mu ma jin labarin muke yi. Amma da yake masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma a gidanmu ma akwai kawunmu da ya kwashe shekara da shekaru yana ban ruwa a lambu har gwiwoyinsa suka ƙi lanƙwasuwa, sai muka yanke shawarar mu ɗauke shi mu je, mu dawo wa masu sauraro da masu karatu da abin da idonmu ya gani.

Sunan wurin Tafadek. Yana cikin duwatsun Azbin, waɗanda Turawa ke kira Ayir, a yankin Cirozerin, tazarar kilomita wajen 80 arewa da birnin Agadas. Daga Diffa kuwa tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Mun bi ta Maine-Sorowa da Gudumariya da Gure muka kwana a Damagaram, washegari muka nausa arewa ta Tanut da Aderbisinat har muka shiga Agadas da dare. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba tafiyar wasa ba ce ga dattijo mai ciwon ƙafa, domin a kowane zango sai an riƙe shi ya sauka, an riƙe shi ya hau. A Agadas muka nemi shawarar mutanen gari game da halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro, sannan muka samu ƙaramar mota mai iya shiga rairayi da duwatsu. Muka bi hanyar Arlit, daga baya muka saki kwalta muka kama hanyar ƙasa.

Ƙasar da wuta ta taɓa ci

Mu mutanen Manga da bakin Komadugu ba mu saba da dutse ba. Ƙasarmu ta rairayi ce da tabo da kwarin kanwa, yaro kan girma a cikinta bai taɓa ganin tsaunin da ya fi tudun yashi ba. Saboda haka da muka fara shiga tsakanin duwatsun Azbin sai kawu ya yi shiru, can ya ce da mu: "Ƴaƴana, wannan ƙasa kamar an yi gobara a cikinta." Kuma bai yi kuskure ba. A wurare da dama za ka ga fili ya cika da baƙaƙen duwatsu sun warwatsu kamar gawayi, ga wasu tsaunuka masu tsini sun tsaya su kaɗai.

Masana ilimin ƙasa sun bayyana cewa gindin Azbin tsohon dutse ne mai ɗaruruwan miliyoyin shekaru, amma daga baya ƙasa ta tsattsage a wasu wurare, narkakken dutse ya riƙa ɓullowa daga ciki yana malala kamar kunu, idan ya huce sai ya daskare ya zama wannan baƙin dutsen. A kudancin Azbin, a yankin da ake kira Todra, an ƙidaya bakin duwatsu masu aman wuta fiye da 150 a cikin filin da ya haura murabba'in kilomita 1,000. A yau duk sun mutu, babu mai hayaƙi a cikinsu, sai dai sun bar shaida. A wannan yanki ne kuma dutsen Bagzan yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu inda ya fi ta tsawo a duk faɗin Nijar.

To ina ruwan wannan da ruwan zafi? Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza, haka nan ba ya zafi banza. Cikin ƙasa akwai zafi ko'ina, kuma gwargwadon zurfin da aka yi gwargwadon ƙaruwarsa, a mafi yawan wurare kusan digiri 3 ne a kowane mita 100. Ruwan saman da ya sauka a kan duwatsu yakan bi tsaga ya nutse can ƙasa, ya daɗe yana ratsa dutse mai zafi, ya kwashi zafin tare da sinadaran da ya narkar, sa'annan idan ya samu wata tsagar da ta miƙe zuwa sama sai ya taso da sauri bai kai ga hucewa ba. A ƙasar da ta taɓa aman wuta irin waɗannan tsagogi suna da yawa. Mu ma a jahar Diffa mun san ɗan misalin haka, domin akwai rijiyoyin burtsatse masu zurfin ɗaruruwan mitoci da ruwansu ke tasowa da kansa ba tare da inji ba, kuma idan ka tara hannu za ka ji shi da ɗumi. Bambancin kawai shi ne namu ɗan Adam ne ya huda ƙasa, na Tafadek kuwa Allah ne ya huda.

Yadda muka samu wurin

Wanda ya tafi Tafadek da tunanin zai tarar da wani babban gini mai ɗakuna da likitoci, to zai sha mamaki. Ƙaramin ƙauye ne a bakin kwari, da bukkokin Abzinawa da lambuna da itatuwan goruba, sai ƴan gine-ginen da aka yi a kan maɓuɓɓugar domin masu wanka su samu sutura. Zafin ruwan ya kai wajen digiri 50, wato ya fi zafin jikin mutum nesa ba kusa ba, tunda jikin mai lafiya digiri 37 ne. Da sanyin safiyar hunturu za ka ga tururi na tashi daga samansa. Maza da mata ba su shiga tare, kuma ba a faɗa masa gaba ɗaya, sai a fara da ƙafa, a saba, a zauna kaɗan, a fito a lulluɓe a huta.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne mutanen da muka tarar. Akwai Abzinawan yankin, akwai ƴan Damagaram da Maraɗi da Tawa, akwai ma'aikatan ma'adinai daga Arlit, har da wasu da suka tsallako daga Nijeriya. Mafi yawansu ciwon gwiwa da ƙugu da baya ne ya kawo su, wasu kuma ƙaiƙayi da sauran cututtukan fata. Kowa ya zo da tabarmarsa da tukunyarsa da ɗan guzurinsa, wani zai yi kwana uku, wani mako guda, wani sai guzuri ya ƙare. Da dare akan zauna a bakin wuta ana shan shayi, harshen da ya haɗa kowa kuwa Hausa ne. A nan muka ji labarai iri-iri, daga na wanda aka ce an kawo shi ranga-ranga ya koma da ƙafarsa, har zuwa na wanda ya zo sau uku bai ga canji ba. Irin labarin farko shi ne ya fi yawo a tasha da kasuwa, na biyun kuwa ba a cika maimaita shi ba.

Neman lafiya a wurin ruwa ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Duk ƙarshen damina makiyaya Abzinawa da Fulani kan kora dabbobinsu zuwa yankin Ingal domin su sha ruwan gishiri su lashi ƙasa, kamar yadda makiyayanmu na Manga ke ba wa shanu kanwa. Tubawa, waɗanda muke zaune da su a Ngigmi da Ngurti, suna da nasu wurin a duwatsun Tibesti na ƙasar Cadi mai suna Soborom, inda ƙasa ke fitar da tururi da tafasasshen tabo, kuma tun da daɗewa suke zuwa can neman magani. A Nijeriya akwai marmaron Wikki a dajin Yankari na jahar Bauci mai ɗumin digiri 31 rani da damina, akwai kuma wanda ke Lamurde a jahar Adamawa da ake kira da sunan Ruwan Zafi.

Tarihin da ya haɗa mu da Azbin

Zaman dare a Tafadek ya sa muka gane cewa tsakanin Azbin da bakin Komadugu akwai tsohuwar hanya, ba mu muka fara bin ta ba. Da farko dai Gobirawa a tarihinsu suna cewa a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu, don haka Bahaushe ba baƙo ba ne a waɗannan duwatsu. An kafa sarautar Azbin a farkon ƙarni na 15, daga baya sarakunan suka zauna a Agadas, birnin da Askiya Muhammadu na Sangai ya kai wa yaƙi a 1515. Hasumiyar babban masallacin garin, wadda aka gina da ƙasa mai tsawon mita 27, asalinta daga wannan zamani ne, aka sake gina ta a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya.

A daidai lokacin da Agadas ke tasowa, a nan gefenmu Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu kusa da Komadugu a ƙarshen ƙarni na 15, ya zama gidan sarautar Barno har zuwa 1808. Masarautun biyu sun yi ciniki, sun kuma gwabza, abin da suka fi yin rikici a kai shi ne gishirin Bilma da dabinon Kawar. Labarin baka na Abzinawa ya ce akwai lokacin da mayaƙan Barno suka shigo har cikin duwatsu, mutane suka haye saman Bagzan suka fake. A tsakiyar ƙarni na 18 Abzinawa suka rinjayi Barno a kan hanyar Bilma, daga nan ayarin raƙumansu ya zama shi ke ratsa Tenere yana ɗauko kantu da dabino ya kai ƙasar Hausa, ya komo da gero da tufafi. Da muka ba kawu wannan labari sai ya dubi wani dattijon Ba'azbine da suke hira ya ce masa, "Malam, ashe kakanninmu sun sha ɗauki-ba-daɗi, ga mu yau muna jiƙa gwiwa a ruwa ɗaya."

Turawan farko da suka rubuta labarin yankin da ɗan tsawo ma wannan hanya suka bi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya ratsa Azbin a 1850, ya shiga Agadas a watan Oktoba na shekarar, sannan ya gangara ta Katsina da Kano ya isa Kukawa a 1851. Shugaban tafiyar tasu, Baturen Ingila James Richardson, bai kai Kukawa ba, ya rasu a watan Maris na 1851 a Ngurutuwa, a ƙasar Barno.

Babbar masifar da ta auka wa Azbin ta zo ne a zamanin Faransawa. A watan Disamba na 1916 Kaosan, tare da goyon bayan Sarkin Azbin Tagama, ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadas, har zuwa farkon watan Maris na 1917 da dakaru suka zo daga Damagaram suka karya ƙawanyar. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni, an kashe malamai da dama, an ƙwace dabbobi, an tashi ƙauyuka, aka bar kwaruruwa da yawa babu kowa. An kashe Kaosan a ƙasar Libiya a 1919, Tagama kuma ya mutu a kurkuku a Agadas a 1920.

A zamaninmu ma yankin bai huta ba. A shekarun 1980 Turawa masu yawon buɗe ido sun riƙa tururuwa zuwa Agadas da Timiya da kufan Asode, dubban iyalai na ci daga wannan sana'a, tun daga direbobi da ƴan jagora har zuwa maƙeran azurfa. A 1991 UNESCO ta sanya gandun Ayir da Tenere cikin wuraren tarihin duniya, amma shekara guda bayan haka sai ta mayar da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke. An sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, sai dai wani tawayen ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009, sannan sace ma'aikata ƴan ƙasashen waje da aka yi a Arlit a watan Satumba na 2010 ya ƙarasa korar baƙi. Mu ƴan Diffa ba sai an yi mana bayanin abin da wannan ke nufi ba, domin tun harin da aka kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015 muka san yadda rashin tsaro ke kashe kasuwa, ya hana masunci shiga tafki, ya hana manomi zuwa lambunsa. Duk da wannan hali ruwan Tafadek bai daina fitowa ba, marasa lafiya na gida ma ba su daina zuwa ba.

Shin yana warkarwa?

Yanzu sai mu koma ga tambayar mai sauraronmu. Kwana shida muka yi. A dare na biyu kawu ya yi barcin da ya ce ya daɗe bai yi irinsa ba, a kwana na huɗu ya yi sallah da ruku'u da sujada ba tare da an kawo masa kujera ba, abin da ya sa shi hawaye, mu ma ya taɓa zukatanmu. Amma gaskiya ɗaya ce, bayan mun dawo gida da kamar mako uku ya koma lambu, ciwon ya fara dawowa, ko da yake ya ce bai kai na da ba.

Da muka dawo mun gayyaci wani likita cikin shirinmu muka ba shi wannan labari, bayanin da ya yi kuma ya zo daidai da abin da muka gani. Ruwa mai ɗumi yana sassauta jijiyoyi da tsokar da ta ɗaure, yana ƙara gudun jini, kuma idan mutum yana cikin ruwa nauyin jikinsa kan ragu a kan gwiwa da ƙugu. Ga hutu na kwanaki babu sunkuyo babu ɗaukar kaya. Duk waɗannan sauƙi ne na gaskiya, ba ruɗi ba ne. Sai dai idan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ya riga ya cinye saboda shekaru da aikin ƙarfi, babu ruwan da zai mayar da shi sabo. Haka kuma akwai ciwon gaɓoɓin da ke da nasa maganin a asibiti, wanda jinkiri ke ƙara lalata shi, kamar na masu sikila da na ƙwayar cuta da ta shiga gaɓa.

Akwai kuma waɗanda ruwan zai iya cutarwa. Ruwa mai zafin digiri 50 yana iya ƙona fata cikin ƴan mintuna idan aka daɗe a ciki, musamman fatar yara da tsofaffi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya zai iya jin jiri ya faɗi, mace mai ciki bai kamata ta zauna cikin ruwa mai zafi haka ba, mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi zai iya ƙonewa bai sani ba, mai buɗaɗɗen gyambo kuma zai iya ɗaukar cuta ko ya bar wa wasu. Saboda haka shawararmu ga mai niyyar zuwa ita ce ya fara zuwa likita a auna jininsa a gaya masa irin ciwon da ke damunsa, kada ya jefar da maganin da aka rubuta masa, ya tafi da ɗan rakiya, ya riƙa shan ruwa da yawa, kuma ya zaɓi lokacin sanyi. Wanda kuwa sai ya sayar da abincin iyalinsa ko ya ci bashi kafin ya je, to ya sani cewa gasa gwiwa da ruwan ɗumi a gida safe da yamma zai ba shi wani kaso na wannan sauƙin ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Kira ga hukuma da jama'a

Ba za mu rufe ba sai mun yi kira. Wurin da marasa lafiya ke taruwa daga jahohi daban-daban ya cancanci a tsaya masa da ma'aikacin jinya mai auna hawan jini kafin mutum ya shiga, da isassun makewayi da rumfunan kwana, da gyaran hanya, da kuma binciken ruwan lokaci-lokaci ana sanar da jama'a sakamakonsa cikin harsunan da suke ji. Su ma masu zuwa akwai nasu haƙƙin, domin mun ga ledoji da gwangwanaye da baƙi irinmu suka watsar a cikin kwari, alhali daga wannan kwarin mutanen ƙauyen ke shayar da lambunansu da dabbobinsu.

Mu da muka fito daga bakin Komadugu mun san cewa ruwa ba ya dawwama don kawai kakanni sun same shi. Koginmu daga ruwan saman ƙasar Kano da tsaunukan Jos yake samun ƙarfinsa ta hanyar kogin Haɗejiya da na Jama'are, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 zuwansa ya canja. Tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980, har garin Ngigmi da ke bakinsa ya wayi gari ruwa ya yi masa nisa. Idan babban tafki zai iya ja da baya haka, to ƙaramin marmaro a tsakiyar hamada ya fi buƙatar a kula da shi.

Mai sauraronmu dai ya sake kiranmu bayan ya ji rahoton. Ya ce ya fasa sayar da tattasan yanzu, zai fara zuwa asibiti a duba shi, idan kaka ta yi kyau kuma likita ya yarda sai ya shirya tafiyar a hunturu mai zuwa. Kawu kuwa har yanzu idan aka zauna hira sai ya kawo labarin ƙasar da aka yi gobara a cikinta, yana cewa in da rai da lafiya zai koma. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.